Darasi na 14: Daga Ajin Jami'a Zuwa Ranar Baiko

Gabatarwa

Ɗalibai, a wannan darasi za mu duba yadda ake neman aure a tsakanin Hausawa a yau. A da, saurayi yakan fara ganin budurwa ne a dandali, ko a kasuwa ranar da take ci, ko a wurin bikin 'yan'uwa. Wani lokaci kuma iyaye ne ke haɗa 'ya'yansu tun suna ƙanana. A zamanin nan samari da 'yan mata da yawa a makaranta suke fara haɗuwa. Wurin haɗuwa ya sauya, amma matakan da ake bi daga haɗuwa zuwa baiko suna nan, kuma har yanzu suna hannun iyaye da dangi.

Za mu bi waɗannan matakai ta hanyar labarin wani saurayi da wata budurwa a Maiduguri. Ba mu sa musu suna ba, domin labarin misali ne, kuma irinsa yana faruwa a gidaje da yawa. Wurare da shekarun da za ku gani a ciki kuwa na gaskiya ne. Yayin da kuke karantawa, ku lura da abu biyu: wane ne ke magana a kowane mataki, kuma waɗanne kaya ake kaiwa.

Birnin da Kasuwarsa

Maiduguri, wadda mazaunanta ke kira Yerwa, ita ce babban birnin Jihar Barno. An kafa ta a shekarar 1907, a zamanin Shehun Barno Abubakar Garbai. Mafi yawan 'yan asalin garin Kanuri ne, waɗanda Hausawa ke kira Barebari. Akwai kuma Shuwa da Babur da Margi da Fulani da Hausawa, har ma akwai tsohuwar unguwa mai suna Hausari. Idan waɗannan al'ummomi suka haɗu a kasuwa, da Hausa suka fi yin ciniki. Saboda haka mutanen Maiduguri da yawa sun koyi Hausa ne a matsayin harshe na biyu, kamar yadda kuke yi yanzu.

Birnin yana da manyan makarantu. Akwai Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, wadda aka kafa a 1975. Akwai Kwalejin Fasaha ta Ramat, wadda aka sa wa sunan Janar Murtala Ramat Muhammad, da kuma Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim. Yana kuma da kasuwanni. Babbarsu ita ce Kasuwar Litinin. Tamu a wannan darasi ita ce Kasuwar Kwastam, wadda ke kusa da gadar sama ta farko a jihar, wadda aka buɗe a 2021. Daga wannan unguwa hanya ta miƙa zuwa Mafa da Dikwa, har Gamboru Ngala a kan iyakar Kamaru.

Mataki na Farko: Haɗuwa

Saurayin namu Bahaushe ne ɗan unguwar Hausari. Mahaifinsa yana da rumfa a Kasuwar Kwastam, inda yake sayar da shinkafa da sukari da man girki. Budurwar kuwa 'yar Kanuri ce daga unguwar Gwange, mahaifinta tsohon malamin makaranta ne. Sun shiga Jami'ar Maiduguri a shekara ɗaya. Shi yana karanta lissafin kuɗi, ita kuma ilimin koyarwa, amma akwai darussan gama-gari da ake haɗa dukkan 'yan aji ɗaya.

Wata rana zazzaɓi ya hana shi zuwa lacca har mako guda. Da ya dawo, sai wani abokinsa ya nuna masa ita, ya ce babu wanda ya fi ta rubuta bayanin malami daki-daki. Ya je ya yi mata sallama, ya roƙi aron littafinta. Ta ba shi, ta ce ya dawo da shi kafin Alhamis. Ya dawo da shi ranar Laraba. Daga nan suka fara gaisawa, sannan suka shiga rukuni ɗaya na masu bitar karatu kafin jarrabawa. Bai furta mata kome ba, ita ma ba ta furta ba, amma abokansu sun gane, domin Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

A watan Fabrairu na 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, wanda ya ɗauki wata takwas. Ɗalibai suka koma gida. Saurayin ya koma rumfar mahaifinsa yana taya shi ciniki. Ran nan sai ga budurwar ta zo cefane tare da gwaggonta. Suka gaisa a takaice, kowa yana jin nauyi. Gwaggon ta sayi shinkafa da mai, ta biya, suka juya. Da ya ƙirga kuɗin sai ya ga sun yi yawa. Ya bar rumfar, ya bi su cikin cunkoso har bakin titi inda suke jiran Keke Napep, ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ga sauran kuɗinku, kun ba ni fiye da ƙima." Gwaggon ta karɓa ta sa masa albarka. Ku riƙe wannan a ranku, domin zai yi amfani a gaba.

Mataki na Biyu: Zance

Bayan an koma makaranta, ya bayyana mata abin da ke zuciyarsa. Amsar da ta ba shi gajeriya ce: "Idan da gaske kake, ka san hanyar gidanmu." A al'adar Hausawa da ta Kanuri, hirar da ake yi a makaranta ko ta waya ba ta zama neman aure ba sai iyaye sun sani. Saboda haka ya gaya wa yayarsa, ita ta gaya wa mahaifiyarsu, mahaifiyar kuma ta sanar da maigida. Yaro ba ya tunkarar mahaifinsa kai tsaye da irin wannan magana, saboda kunya. Aka aika gidan budurwa neman izini, aka ce ya zo.

Zuwan da saurayi ke yi gidan budurwa don su yi hira shi ake kira zance, wasu kuma su ce taɗi. Akan yi shi da yamma, a zaure ko a ƙofar gida, inda mutane ke iya ganinsu. Saurayi yakan zo da abokinsa. Ba ya kutsawa cikin gida, sai ya aiki yaro ya ce ana sallama da wance. Ita kuma takan fito da ƙanwarta ko ƙawarta, ta kawo ruwan sha. Idan zai tafi yakan ba ta kyauta, kamar turare ko sabulu ko kuɗi. Wannan kyauta ita ce toshi. A wurin zance ne kowannensu ke fahimtar halin ɗan'uwansa, da burinsa, da abin da ba ya so. A nan ne budurwar ta gaya masa cewa tana son ta kammala karatu ta kuma koyar, ko da ta yi aure.

Mataki na Uku: Na-gani-ina-so da Bincike

Da aka shekara ana zance, sai iyayen saurayi suka aika da kayan na-gani-ina-so. Sunan ya bayyana ma'anarsa: ɗanmu ya ga 'yarku, yana kuma so. Mata ne ke kai waɗannan kaya, wato gwaggo da inna da yayye. A ciki akan sa atamfa, wadda ake saye turmi-turmi, kowane turmi yadi 6, da man shafawa da turare da 'yan kuɗi. Yawan kayan ya danganta da ƙarfin gida da al'adar gari. Idan iyayen budurwa suka karɓa, alama ce ta cewa ƙofa a buɗe take. Idan suka mayar, magana ta ƙare ke nan cikin mutunci.

Daga nan sai bincike. Kowane gida yakan tura amintattun mutane su tambayi asalin ɗaya gidan, da addininsu, da halayensu, da sana'ar yaron. Akan tambayi maƙwabta da limamin unguwa da abokan ciniki. Ɗan kasuwa ba ya iya ɓoye halinsa, domin maƙwabtan rumfa sun san mai cika mudu da mai tauye shi. Mahaifin budurwa ya tura ƙanensa Kasuwar Kwastam. Ya zauna a rumfuna biyu ko uku kamar mai saye, ya ja mutane da hira, ya dawo da labari mai daɗi.

A yau an ƙara wani bincike da kakanninmu ba su sani ba, wato gwajin jini a asibiti. Babban dalilinsa shi ne cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini. Idan namiji da mace dukansu suna da nau'in jini na AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai SS, wato mai cutar. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Masoyan namu sun je gwaji gabansu yana faɗuwa. Sakamako ya nuna ita AS ce, shi kuma AA, saboda haka babu abin da zai hana.

Ambaliya

Ana shirin zuwa tambaya sai wata masifa ta auku. A ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya ɓalle daga madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda, ya mamaye sassa da yawa na Maiduguri, har da Gwange da wajen Kwastam. Rabon birnin da irin wannan ambaliya tun 1994. Mutane masu ɗimbin yawa suka bar gidajensu. Buhunan shinkafa da sukari da ke rumfar mahaifin saurayi suka lalace, kuɗin da aka tanada don aure kuma aka sa su a gyaran rumfa da biyan bashi.

Sai magana ta fara sauyawa a gidan budurwa. Wasu daga cikin dangi suka ce a dakata, tun da ga wani mai hali ya nuna sha'awa, ga shi kuma gidansu na Gwange yana bukatar gyara. Saurayin ya ji labari, ya kasa barci. A taron dangi sai gwaggon nan ta ce, "Yaya, yaron da ya bar rumfa ya biyo ni da canjina, alhali ban san na yi kuskure ba, shi zan ba amanar 'yata. Dukiya ruwa ya tafi da ita, kuma Allah zai mayar." Mahaifin ya ƙara da cewa Musulunci ya hana mutum ya shiga neman auren da wani ya riga shi, matuƙar an karɓi maganar na farko. Sannan ya sa gwaggon ta tambayi yarinyar a keɓe. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, ni dai ban sauya ba."

Mataki na Huɗu: Tambaya da Baiko

Tambaya aikin maza ne. Baffan saurayi, wato ɗan'uwan mahaifinsa, shi ya jagoranci dattawa zuwa wurin waliyyin budurwa, wanda shi ma baffanta ne. Ku karanta yadda tattaunawar ta gudana.

Baffan saurayi: Salamu alaikum.

Waliyyi: Alaikumus salam. Sannunku da zuwa, Alhaji. Bismilla, ga tabarma.

Baffan saurayi: Mun same ku lafiya? Ya muka ji da wannan jarrabawa ta ruwa?

Waliyyi: Sai godiya. Mun ji asarar da kuka yi a kasuwa. Allah ya mayar da mafi alheri.

Baffan saurayi: Amin, Malam. Alheri ne ke tafe da mu. Ɗanmu ya ga 'yarku ya ce yana so, shi ne muka zo neman iri.

Waliyyi: Madalla. Mun bincika, mun kuma ji ta bakin yarinya. Ba mu sami abin ƙi ba.

Baffan saurayi: Sai dai akwai magana guda, gara mu faɗe ta tun yanzu. Kun ga halin da ruwa ya bar mu. Lefen da muka yi niyya ba zai samu ba.

Waliyyi: Alhaji, ruwan nan bai bar gidan kowa ba. Ku kawo abin da ya sawwaƙa. Sharaɗinmu ɗaya ne: ba za a ɗaura aure ba sai ta gama jarrabawarta ta ƙarshe, kuma ba za a hana ta koyarwa ba.

Baffan saurayi: Mun ji, mun amince.

Waliyyi: To, mun ba ku. Allah ya sanya albarka.

Daga nan aka yi addu'a aka shafa. Kun lura cewa saurayi da budurwa ba sa wurin? Iyayensu maza ma ba su ne suka yi magana ba. Uba yakan wakilta ɗan'uwansa saboda alkunya, da kuma nuna cewa ɗa na dangi ne gaba ɗaya.

Bayan mako biyu aka yi baiko, wato bayyana wa jama'a cewa an ba da yarinya. A Kasuwar Kwastam aka sayi kayan: goro ƙwarya biyu, da alewa da dabino da biskit. A lissafin 'yan goro, ƙwarya ɗaya goro 100 ce. Goron nan daga kudancin Nijeriya ake kawo shi, a da kuma fatake har Gwanja suke zuwa nemansa, a ƙasar Gana ta yau. Aka raba kayan gida-gida ga dangi da maƙwabta. Duk wanda ya karɓi goron baiko ya zama shaida, kuma babu saurayin da zai sake zuwa zance gidan. A ranar aka sa rana, wato aka tsayar da lokacin ɗaurin aure, wata ɗaya bayan jarrabawar ƙarshe.

Abin da Ya Rage

Baiko alkawari ne, aure bai ɗauru ba tukuna. Akwai sauran lefe, wato tufafi da kayan ado da ango ke yi wa amarya. Asalin lefe kwando ne da ake saƙawa da kaba, amma yau a akwatuna ake zuba kayan. Lefen Maiduguri ba ya rasa lafaya da humra da turaren wuta, waɗanda matan Barno suka shahara da su. Akwai kuma sadaki, wanda haƙƙin amarya ne, kuma shi addini ya wajabta. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, kuma a wasu gidajen Barno da sisin gwal ake biyansa. Tun da amaryar 'yar Kanuri ce, za a yi wushe-wushe, wato taron dare da ake yi don marabtar dangin ango.

Wataƙila kun ga kama tsakanin wannan da al'adunku. Ibo suna da iku aka, wato ƙwanƙwasa ƙofa, inda dangin saurayi ke zuwa gabatar da bukatarsu. Yarbawa ma suna da ranar da dangi biyu ke haɗuwa su san juna kafin biki.

Ma'anar Kalmomi

Zance: hirar saurayi da budurwa a gidan iyayenta.
Toshi: kyautar da saurayi ke ba budurwa.
Waliyyi: namijin da ke ba da auren mace.
Baffa: ɗan'uwan uba. Ɗan'uwan uwa kuma kawu ne.
Gwaggo: 'yar'uwar uba. 'Yar'uwar uwa kuma inna ce.
Neman iri: lafazin girmamawa da ke nufin neman aure.
Alkunya: kawaici da nuna kunya don girmamawa.
Mai hali: mai dukiya.
Cefane: sayen kayan abinci na gida.

Nahawu: An, Aka, Ana, Akan, Za a

Ana amfani da waɗannan ƙananan kalmomi idan ba a ambaci wanda ya yi aiki ba. Ku kwatanta:

Baffa ya kai goro. / An kai goro.
Mata suka raba alewa. / Aka raba alewa.
Dangi suna shirin biki. / Ana shirin biki.
Iyaye sukan yi bincike. / Akan yi bincike.
Waliyyi zai ɗaura aure. / Za a ɗaura aure.

Ku lura da yadda ake maganar aure da Hausa. Ana cewa "an yi mata baiko", "an sa musu rana", "an ba shi mata". Bahaushe ba ya cewa "sun yi wa kansu baiko", domin a wurinsa dangi ne ke yin wannan aiki. Haka kuma ku bambanta waɗannan: "ya aure ta" na ango ne, "ya aurar da ita" na uba ko waliyyi ne.

Karin Magana

Garin masoyi ba ya nisa: wanda ke son abu ba ya ganin wahalar zuwa gare shi.
So gamon jini ne: ƙauna takan zo ba tare da an shirya ta ba.
Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba: dattawa sun fi yara sanin abin da zai je ya dawo.

Tambayoyi

1. A ina saurayi da budurwa suka fara haɗuwa, kuma me ya haɗa su?
2. Me ya sa saurayin bai gaya wa mahaifinsa kai tsaye ba?
3. Su wane ne ke kai kayan na-gani-ina-so, su wane ne kuma ke zuwa tambaya?
4. Mene ne amfanin gwajin jini kafin aure?
5. Wace hujja gwaggo ta kawo a taron dangi?
6. Wane sharaɗi waliyyi ya gindaya? Kuna ganin ya dace? Ku kawo dalili.
7. Idan an sayi goro ƙwarya uku da rabi, goro nawa ke nan?

Aiki

(a) Ku mayar da waɗannan jimloli ta hanyar amfani da an, aka, ana ko za a: Gwaggo ta karɓi kaya. Dattawa suka yi addu'a. Mata suna raba goro. Baffa zai biya sadaki.

(b) Ku kasu biyu a aji, ku kwaikwayi tattaunawar baffan saurayi da waliyyi. Ku kula da gaisuwa da lafazin girmamawa.

(c) Ku tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa a gidanku yadda ake neman aure a al'adarku. Ku rubuta abin da kuka ji da Hausa cikin jimloli 15, ku nuna wuri biyu da ya yi kama da na Hausawa da wuri biyu da ya bambanta.